Tukwicin weta a gidan abinci: dole ne, kuma nawa ya kamata?

Wasiƙar wannan makon daga unguwar Nima da ke Accra, Gana, ta zo, ga abin da ta ƙunsa a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Ni 'yar kasuwa ce, ina sayar da atamfa da leshi. A watan Disamba ƙanin maigidana ya zo hutu daga Amurka, ya kwashe mu zuwa wani gidan abinci a Osu. Bil ya kama sidi 1,500, shi kuma ya ɗora 300 a kai ya ce na weta ne. Tun a mota maigidana Alhaji yake faɗa, wai miliyan uku a tsohon kuɗi aka ba yaro don ya ɗauko faranti daga kicin zuwa tebur, wai almubazzaranci ne, kuma bai ga abin da ya raba shi da cin hanci ba. Bayan wata biyu na kai wasu abokan cinikina mata biyu da suka zo daga Lome cin abinci a East Legon. Aka kawo bil 640, na biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, daidai, ban ƙara komai ba. Wetan ya tsaya yana ta goge teburin da ya riga ya goge. Da muka miƙe sai na hango ɗaya baƙuwar ta zaro sidi 20 ta miƙa masa a ɓoye. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Yanzu ɗiyarmu za ta gama karatu a jami'ar Legon, mun shirya kai mutum 12 cin abinci ranar bikin. Alhaji ya ce ko sisi ba zai ƙara a kan bil ba. Shin dole ne a bayar? Nawa ake bayarwa? Kuma yaya zan yi da Alhaji?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa wa karatun yarinya albarka.

Ba dole ba ne. Babu dokar Gana da ta ɗora wa mai cin abinci wani kuɗi bayan wanda ke rubuce a bil, kuma ba wanda zai tare ki a ƙofa don ba ki ƙara ba. Amma a irin wuraren da kika ambata, Osu da East Legon, haka Labone da Cantonments da unguwar Airport, ko Ahodwo da Nhyiaeso in a Kumasi ne, weta yana sa rai, kuma abin da aka saba shi ne kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na kuɗin abincin. Ƙanin mijinki da Alhaji kowanne ya ɗauko mudun kasuwarsu ne ya zo awo a kasuwar wasu. Ɗaya ya zo da mudun Amurka, ɗaya da na Nima.

Ƙanin naki bai yi don burga ba, abin da ya saba ne. A Amurka dokar tarayya ta yarda a biya ma'aikacin da ke samun tukwici dala 2.13 kacal a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, alhali mafi ƙarancin albashin sauran ma'aikata dala 7.25 ne. Wasu jihohin sun ɗaga nasu, amma tsarin ya riga ya zauna: can tukwicin shi ne albashin, shi ya sa suke ba da kashi 15 zuwa 20, kuma wanda ya tashi bai bayar ba ana ganin ya ci haƙƙin mutum. Nan ba haka aka gina abin ba. Mai gidan abinci ne ke biyan weta albashinsa a wata, kuma a nan Alhaji yana da gaskiya: ladan ma'aikaci yana wuyan wanda ya ɗauke shi aiki. A bil na 1,500, sidi 100 zuwa 150 ya wadatar har a yi godiya. Wanda ya ba da 300 ya yi kyauta, Allah ya saka masa, amma bai kafa wa kowa doka ba.

Sai dai Alhaji ya duba ɗaya gefen. Mafi ƙarancin albashin yini da aka tsayar a Gana na shekarar 2025 sidi 19.97 ne, na 2024 kuwa 18.15. In aka haɗa wata bai wuce 540 da 'yan kai ba. Manyan gidajen abinci suna biyan fiye da haka, amma ki tuna wetan ba a Osu yake kwana ba. Daga Kasoa ko Ashaiman ko Madina yake fitowa, trotro, wato motar haya, biyu ko uku zuwa, haka dawowa, kuma in ya tashi ƙarfe 11 na dare motar ta yi wuya, sai ya ƙara kuɗi. To sidi 20 ɗin da baƙuwarki ta miƙa, wanda bai kai kuɗin lemon kwalba biyu ba a wurin, ya kai albashin yini guda a ma'aunin gwamnati na 2025. Da wannan ido za ki kalli goge-gogen teburin nan. Ba mu ce ya kyauta ba, weta mai horo ba ya tsayawa a kan baƙo yana jira, amma ba rashin kunya zalla ba ce.

Abu na farko da za ki koya shi ne karanta bil daga sama zuwa ƙasa. Yawancin mutane layin ƙarshe kawai suke dubawa, kuma nan kuskure yake farawa. A gidan abinci mai rajista za ki ga layuka a ƙarƙashin kuɗin abincin: VAT kashi 15, NHIL kashi 2.5 na inshorar lafiya, GETFund kashi 2.5 na asusun ilimi, da harajin yawon buɗe ido kashi 1. A tsofaffin rasit har da kashi 1 na COVID da aka shigo da shi a 2021. Duk waɗannan na gwamnati ne, ko pesewa ɗaya ba ya zuwa hannun weta. Mutane da yawa suna ganin an yi ƙari sai su ce ai an riga an cire na yaran, alhali haraji suka biya. Layin da ya shafi ma'aikata guda ɗaya ne, wanda aka rubuta "service charge", wato kuɗin hidima, galibi kashi 5 ko 10. In kin ga wannan layin, kin riga kin biya hidima, babu kunya ko kaɗan ki tashi ba ki ƙara ba. In babu shi, to ba a ba weta komai ba.

Wannan karatun yana da amfani na biyu. Tukwici a kan kuɗin abinci ake lissafa shi, ba a kan jimillar da haraji ya kumbura ba. Ɗauki bil ɗinki na 640. In haraji yana ciki, abincin kansa wajen 530 ne. Kashi 5 ɗinsa ya kama 26 da ɗoriya, kashi 10 kuma 53. Ke nan da kin ba da 30 kin fita kunya, da kin ba da 50 kin yi kyau. In lissafi a tebur zai ba ki wahala, ga hanya mai sauƙi: share lambar ƙarshe ta jimillar, 640 ta koma 64, wannan shi ne iyakar sama. Rabinsa, 32, shi ne na ƙasa. Ko'ina kika tsaya a tsakani daidai ne, sai ki cike shi ya zama takarda mai kyau, 30 ko 40 ko 50.

Kuɗin hidimar nan da ke cikin bil yana da nasa ruɗani. Asusun gidan abincin yake shiga, kuma yadda za a raba shi yana hannun mai wurin. Wasu suna tara shi su raba wa kowa a ƙarshen wata, har masu girki da masu wanke-wanke, kuma wannan shi ne adalci, don wanda ya sha hayaƙin gasa kifin ba ya fitowa ya ga baƙo. Wasu suna cire kuɗin farantan da suka fashe kafin su raba. Wasu kuma ma'aikatan ba su taɓa ganin ƙeyarsa ba. A Ingila sai da aka yi doka, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba 2024, ta tilasta wa masu gidajen abinci su miƙa wa ma'aikata duk tukwicin ba tare da yanke komai ba, wanda ke nuna miki matsalar ba ta nan kaɗai ba ce. In kina son ki sani, tambayi wetan a hankali, lokacin da manaja ba ya kusa: "Wannan na hidimar, yana zuwa hannunku?" Amsar tana fuskarsa tun kafin ya buɗe baki. In ya yi murmushin yaƙe ya kau da kai, sidi 20 a hannunsa ta fi masa 100 da ke kan takarda.

Ba ko'ina ake wannan lissafin ba. Wajen mai waakye, wato shinkafa da wake, a Nima, ko mai koko da ƙosai da safe, ko mai shayi, ko mai tsire a bakin titi, ba a san tukwici ba, hasali ma abin juyawa yake yi: ke ce kike cewa a yi miki gyara, ita kuma ta ƙara miki taliya ko shito. In kika ajiye wa mai waakye kashi 10 za ta aiko yaro ya biyo ki da canjinki. A chop bar, inda ake cin fufu da banku da tuwon zafi, nan ma ba a sa rai, amma yarinyar da ta kawo ruwan wanke hannu da sabulu, ta kwashe kwanuka, in kin ba ta sidi 2 ko 5 ta samu na sabulun wankinta. Ki ba ta a hannu, don in kin bar shi a cikin canji uwar ɗakinta ce za ta jefa a asusu. Gidajen abinci na tsakiya, masu fanka da menu da weta ɗaya ko biyu, cike kuɗi ya isa: bil 92 ki ba da 100, bil 185 ki ba da 200.

Gidajen kofi na zamani da suka cika East Legon da manyan kantuna iri biyu ne. In a kanta kika yi oda, kika biya, kika ɗauki kofinki da kanki, babu abin da ake bin ki. Akwatin gilashin nan da ke gefen kashiya na wanda ya ga dama ne, ki jefa canjin ƙarfe ko sidi 5 in kin so, ki wuce in ba ki so ba. In kuwa a tebur aka zo aka same ki, 5 zuwa 10 ya yi a kan kofi da biredi. Inda abin ya canza shi ne in kin mayar da wurin ofis: kin zauna awa uku da baƙi kuna duba samfurin leshi, kuna cajin waya, a kan shayi kofi biyu. Kashi 10 na shayi biyu ba komai ba ne, amma kin tare tebur da wasu za su zauna. Nan lokaci ake biya, ki ba da 20. A bufe, inda kowa ke ɗiba da kansa, aikin weta kwashe faranti ne da kawo abin sha, rabin abin da aka saba ya wadatar. Mai babur ɗin da ya kawo miki abinci gida, 5 ko 10, ki ƙara in ana ruwan sama ko ya sha cunkoson Circle. Mai gadin da ya nuna muku wurin fakin ya tsare mota, 5.

Yadda ake bayarwa ya fi adadin muhimmanci, kuma nan ne kuɗin mutane ke ɓata a hanya. Tsabar kuɗi a hannun wanda ya yi miki hidima, shi ne hanya mafi tabbas. Kada ki bar shi a kan tebur ki fita, don wanda ya zo kwashe faranti ba lallai ne shi ya yi aikin ba, kuma a wurin da ke bakin titi kowa na iya wucewa ya share. In an kawo bil cikin 'yar jakar fata, sa kuɗin a ciki ki miƙa wa wetan da kanki ki ce, "Na saman naka ne." Da hannun dama, Hajiya, wannan ba sai an gaya miki ba, amma a gaya wa yaran da suka tashi a waje: a Gana miƙa abu da hagu zagi ne wajen Asante da Ga da mu baki ɗaya. A naɗe takardar, kada a ɗaga ta sama. Magana gajeriya ta isa, "sannu da aiki, ka sha ruwa", ko "medaase" in Twi yake ji. Kuma kada a zazzage masa tarkacen pesewa daga ƙasan jaka, ko takardar da ta yage wadda kwandastan trotro ma zai ƙi karɓa. Gara 10 mai kyau da 12 ta tsince-tsince. Masu zuwa daga waje su sani cewa ƙarfen kuɗin Amurka ko na Turai ba ya canzuwa a nan, kuma 'yan canji suna sayen takardar dala 1 da 5 a farashi ƙasa da na dala 100. A ba shi sidi.

Matsalar canji kuma kin san ta. Bil 640, ki ba da 700, wetan ya tafi da kuɗin ya ɓace minti goma sha biyar, yana fatan ki gaji ki tafi. Wani lokaci da gaske kashiya ce ba ta da canji, wani lokaci dabara ce. Maganinta ki yanke hukunci tun kina miƙawa: "Ga 700, dawo mini da 20." Kin ba shi 40 da bakinki, ya san nasa, kin san naki, kuma za ki ga 20 ɗin ta dawo da sauri. In ba ki yi niyyar ba da komai ba, ki ce "ina jiran canjina", ki jira. Canjinki haƙƙinki ne, ba a mayar da shi tukwici da ƙarfin jinkiri.

Ranar East Legon MoMo ce ta kayar da ke, ba rowa ba. Wanda ya biya da waya yakan rubuta adadin da ke kan takarda daidai ya danna, babu canjin da zai dawo ya tuna masa. Kuma ko kin ƙara a kai, in lambar kasuwancin gidan kika tura wa, ko kika sa kati a na'urar POS, ƙarin ya shiga asusun mai wurin, fitowarsa zuwa hannun weta sai yadda tsarin gidan yake. Wasu kashiyoyi suna cire masa a take daga aljihun tebur, wasu sai ƙarshen wata, wasu shiru. Don haka ki raba biyu: bil ta waya ko kati, tukwici a hannu. In babu tsaba ko kaɗan a jakarki, kina iya karɓar lambarsa ki tura masa. An soke E-levy, harajin tura kuɗi ta waya, a watan Afrilu 2025, amma har yanzu akwai ɗan abin da ake yanka in zai cire kuɗin wajen wakili, to ki ɗora sidi 1 a kai. Ki duba sunan da ya fito kafin ki sa lambar sirri. Ki kuma sani cewa sunanki da lambarki za su bayyana a wayarsa, kuma ba kowace mace ce ke son haka ba, wanda ya sa muka fi son tsaba. Abu guda da ba za ki yarda da shi ba: weta ya ce ki tura dukan bil ɗin zuwa lambarsa ta kansa wai na'ura ta lalace. Ki je kanta ki biya, ki karɓi rasit.

Yanzu bikin yarinya. Mutum 12 ba tebur ba ne da za a faɗa masa kwatsam, musamman a makon da Legon ke yaye ɗalibai, lokacin da kowane gidan abinci daga Madina zuwa Airport yake cike. Ki kira ko ki je da kanki mako guda kafin ranar, ki yi wa manaja tambaya uku. Farashin da ke menu da haraji a ciki ne ko za a ɗora? Kuna sa kuɗin hidima wa babban tebur, kashi nawa? In mun zo da kek ɗinmu ko sobolo daga gida, akwai caji? Ta ukun tana ba mutane mamaki, don wasu wuraren suna karɓar kuɗin yanka kek da na faranti. Ga dalilin tambayar farko da ta biyu. A ce kowa zai ci na 200, jimilla 2,400. In haraji yana ciki kuma babu kuɗin hidima, 2,400 za ku biya. In kuwa za a ɗora haraji, ƙarin ya haura 500, in aka sa hidima kashi 10 ga wata 240, bil ya wuce 3,100. Bambancin ya fi 700, kuma irin wannan ne ke sa maigida ya ɓata rai a gaban surukai, ya huce a kan weta wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

In babu kuɗin hidima a bil, ki ware 150 zuwa 200. A babban tebur mun fi son lissafi da kai maimakon kashi, sidi 15 kowane mutum, wanda ya kama 180, saboda wahalar weta tana bin yawan bakuna da tsawon zama, ba tsadar kifi ba. Wanda ya ɗauko farantin 400 da wanda ya ɗauko na 80 tafiya ɗaya suka yi. Tebur irin naku weta biyu ko uku za su yi masa aiki, to kada ki damƙa wa ɗaya ki ce su raba, rigima kika haɗa musu. Ko dai ki ba kowa nasa, babban rabo ga wanda ya karɓi oda ya tsaya a kanku, misali 100 da 50 da 50, ko ki miƙa wa babbansu a gaban sauran ki faɗi adadin da baki. In akwai kuɗin hidima, 20 ko 30 a hannun kowannensu alheri ne, rashinsa kuma ba laifi ba. Wani abin da ke faruwa a taron dangi: kawu ya ce shi zai biya abin sha, yaya ta ce ita ce da kek, kowa ya tura nasa, kowa yana zaton wani ya sallami yaran, a tashi ba wanda ya bayar. Tun daga gida a san mutum ɗaya da wannan ke hannunsa.

Akwai hidimar da mu Musulmi muka fi kowa buƙata a irin waɗannan wurare, kuma ita ce ta fi cancantar a saka. Yawancinsu suna sayar da giya da naman alade. Wetan da kika tambaya ko an sa giya a miyar nan, ko a mai ɗaya ake soya dankali da tsiren alade, ya tafi kicin ya tambayo ya dawo ya ce miki "Hajiya, wannan kada ki ci, ga wanda ya fi", alhali wanda ya hana ki ya fi tsada, ya yi miki abin da ba ya cikin albashinsa. Haka wanda ya samo wa Alhaji ruwan alwala da lungu mai tsabta da magariba ta yi. Irin wannan a kai shi kashi 10 cif, a kuma riƙe sunansa don zuwa na gaba.

In hidima ta ɓaci fa? A fara raba laifi. Abinci ya yi jinkirin minti 50, ko gishiri ya yi yawa, ko an ce tilapia ta ƙare bayan an karɓi oda, wannan na kicin ne da manaja, kuma hana weta tukwici ba ya isar da saƙon ga kowa. A kira manaja a gaya masa, sau da yawa ma yakan cire wani abu daga bil. Laifin weta shi ne ya manta oda, ya tsaya danna waya kuna ɗaga hannu, ya fifita teburin Turawa ya bar ku, ko ya yi magana da raini. Na ukun yana faruwa, kuma dalilinsa shi ne zaton da ya zauna a kansu cewa mai hula da mai mayafi ba sa bayarwa. A irin wannan kina da damar hana shi gaba ɗaya, amma ki faɗi dalili a taƙaice ba da faɗa ba, in ba haka ba zai ce dama ya sani, 'yan Zango ne. Wanda kuma ya buɗe baki ya roƙa, ko ya biyo ku har mota, ba a bin ki bashi, "Allah ya ba mu sa'a" ta ishe shi.

Maganar cin hanci da Alhaji ya kawo tana da tushe, kada ki yi masa dariya. Akwai hadisin mutumin da aka aika karɓar zakka ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi (SAW) ya ce me ya sa bai zauna a gidan iyayensa ba ya gani ko za a kawo masa. Daga nan malamai suka tsananta a kan kyautar da ake ba ma'aikaci saboda kujerarsa. Bambancin da ake dubawa shi ne lokaci da manufa da sanin mai wurin. Kuɗin da aka ba weta kafin a ci, don ya tsallake da ku layi, ko ya ƙara nama a ɓoye, ko ya share wani abu daga bil, toshiya ce, kuma na ƙarshen ma haɗa baki ne a cuci mai gidan. Wanda aka bayar bayan an gama, ba a nemi komai da shi ba, mai wurin kuma ya san ana bayarwa har ya ajiye akwati dominsa, wannan wani abu ne dabam. In zuciyar Alhaji ba ta kwanta ba, ya kai wa malaminsa tambayar da wannan bayanin cikakke, ba da rabinsa ba.

Yadda za ki shawo kansa kuwa, kada ki fara da Amurka, kada ki ambaci ƙaninsa, don in ya ji kamar ana gwada shi da yaron da ya goya, magana ta mutu. Ki fara da abin da shi kansa yake yi. Ranar Layya in maƙwabci ya aiko yaro da nama, Alhaji yana barin yaron ya koma hannu rabbana? In an kawo lefe, ba a ba 'yan kawowa tukwici? Kayayo ta ɗauko masa kaya daga Makola zuwa tasha an yi ciniki 15, bai taɓa ba ta 20 ya ce ta riƙe ba? Kalmar tukwici tamu ce tun kafin a gina gidajen abincin Osu, kuma ma'anarta ke nan: ɗan abin da ake ba wanda ya ɗauko maka abu ya kawo. Ki kawo masa adadi, ba kashi ba. "Alhaji, sidi 15 a kan kowane baƙo" ya fi shiga kunne da "kashi 10", kuma ki yi maganar kwana biyu kafin biki, a ɗaki, ba a tebur bil na hannunsa ba. Ki haɗa da amsoshin manaja, don namijin da ya san jimillar tun daga gida ba ya jin an yi masa kwanton ɓauna.

In ya tsaya a kan bakansa, kuɗinsa ne, kada ki zara daga ciki a ɓoye. Ke ma kina da sana'a. Ki gaya masa a fili cewa za ki sallami yaran daga aljihunki saboda farin cikin ɗiyarki, da wuya ya hana. Ranar kafin bikin ki ware takardun 50 da 20 masu kyau daga cinikin shago, 200 gaba ɗaya, ki sa a ambulan a aljihun gefe na jaka, ki ajiye 5 dabam ta mai gadi. Idan Alhaji ya tashi zuwa kanta biyan bil, ko ya fita duba mota, ki kira wanda ya tsaya a kanku ki sallame su.